Ashirin da Ɗaya a Ikko

Kayan injin buga takardu na zo saye,
ban zo gudu ba.
Lawali ne, mai masaukina a Agege, ya tsokane ni:
"Kai da kake zagaye filin ƙwallon Damagaram kullum asuba,
ga tsere nan ranar Asabar, kilomita ashirin da ɗaya.
Ko ƙafar taka ba ta da fasfo?"
Na canza sefa, na biya,
aka manna mini lamba a ƙirji
kamar buhun albasa mai zuwa Kwatano.

Na yi sallah a kan kwali, gefen titi,
na ci ayaba biyu a tsaye.
Ba a busa usur ba, rigata ta jiƙe.
A garinmu gumi baƙo ne mai kunya,
yana leƙowa iska ta ɗauke shi.
Na Ikko da tabarmarsa ya zo,
ya zauna a gira, ya gangaro ido,
ya ce ba inda za shi.

Sai ga gada.
Ruwa dama, ruwa hagu, ruwa ƙarƙashin tafin ƙafa,
ni da babban ruwana tafkin bayan unguwa ne.
Can ƙasa wani masunci ya watsa taru,
ko ɗaga kai bai yi ba.
Mu dubbai muna haki a samansa,
shi kifi ne a gabansa.

Bayan shinge motoci masu ruwan ɗorawa sun yi cirko-cirko,
direbobi na zagi da hon.
Wani yaro ya hango tsawona, ya ƙwala: "Aboki!"
Kalma ɗaya ke nan ta harshena
da garin nan ya miƙo mini tun safe.
Ban tsaya tantance nufinsa ba,
na ɗaga hannu na karɓa.

A na goma sha huɗu sharaɓata ta ɗaure.
Na dafa fitilar titi,
na fara lissafin ƙaryar da zan yi wa Lawali.

Wani hannu ya taɓa kafaɗata.
Dattijuwa ce, furfura na leƙowa ta ƙasan hula,
a takardar ƙirjinta an rubuta Morenike.
Ba ta jin Hausa, ba na jin Yarabanci,
Faransancina kuwa a nan
sefa ce a hannun mai ƙosai.
Ta ɓare lemo, ta ba ni rabi,
ta nuna kwalta da yatsa:
"Eni, eji. Eni, eji."
Na ce: "Ɗaya, biyu."
Ta girgiza kai. Na ce: "Eni, eji."
Ta ce wani abu mai kama da madalla.

Haka muka ja,
ƙafarta gajeriya, tawa mai ciwo,
muka wuce benayen gilashi, da kwata mai wari,
da wata coci da ake ta kiɗa,
da mai gasa masara da ta tafa mana da mafici.
An ce sannu ba ta hana zuwa.
Wanda ya faɗa bai ambaci ƙwaurin ba.

Saura kilomita ɗaya ta dube ni,
ta ga ba zan mutu ba,
ta ƙara mai, ta bar ni.

Awa biyu da minti talatin da ɗaya.
Waɗanda suka ci har sun yi wanka.
Aka rataya mini ƙarfe a wuya,
na zagaya cikin jama'a da ɗingishi ina neman hular nan,
ban gan ta ba.

Da dare Habsu ta kira daga gida.
"Ka zo na nawa?"
Na ce na dubu da wani abu.
Ta yi shiru, sannan ta ce: "To wa ya biyo ka?
Kayan injin fa?"

Jibi Litinin zan je Shomolu in sayo.
Yanzu dai benen Lawali nake sauka da baya-baya,
hannu a bango,
mataki goma sha bakwai,
kuma iyakar ƙirgen da na iya
eni, eji.